Shekarar da Alhaji Modu Ya Rame

Yaran da ke zuwa koyon ɗinki yanzu, da zarar mutum ya iya taka keke zare bai cukurkuɗe masa ba, sai ka ji yana cigiyar shagon haya. A ganinsu ɗinki bai wuce awo da yanka da haɗawa ba, sai a goge a rataye. To ku matso ku ji. Shekara arba'in da 'yan kai ina zaune a shagon nan na Ƙofar Mazugal, kuma abin da ya fi ba ni wahala a sana'ar nan ba keke ba ne, ba kuma shadda mai santsi ba ce. Jikin mutum ne. Yadi in ka auna shi yau, gobe yana nan yadda ka bar shi. Mutum kuwa ka auna shi da azumi, ya zo karɓa bayan babbar salla, sai ka rantse ƙanensa ka auna.

Aikin farko da maigidana, marigayi Baba Ɗanladi, ya bar ni na yi ni kaɗai rage kaftani ne. Wani mai sayar da goro ya tashi daga doguwar jinya, ya bushe kamar kara, ya kawo kaftaninsa a rage masa. Na auna, na ja alli, na sa almakashi na zubar da kusan tafin hannu ta kowane gefe. Ya zauna masa cif, har ya sa min albarka. Wata biyu matarsa na ɗura masa kunun gyaɗa da farfesu, sai ga shi ya dawo, kaftani ya ƙi wuce ƙirji. Baba Ɗanladi bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi min sauƙi. Ƙyallen da na yanke, wanda ashe ya tsince ya ajiye, shi ya ɗaura min a wuya kamar laya, ya ce kwana bakwai ba cirewa, har masallaci. Duk wanda ya tambaya sai in ba da labari da bakina. Rana ta bakwai ya kwance ya ce, "Haruna, abin da zare ya ɗaure, reza na kwancewa. Abin da almakashi ya ci kuwa ya ciwu." Tun daga ranar, in aka kawo min ragi, naɗe rarar nake yi ta ciki in ɗinke, ba na yankewa.

Wannan ɗabi'a ce ta kusa raba ni da Alhaji Modu.

Alhaji Modu dilan fata ne a Madabo. Kakanninsa daga Barno suka zo, ni kuma nawa Fulani ne, to kun san abin da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare: ba mai raga wa wani, kuma ba a fushi. Fiye da shekara talatin ina masa ɗinki, ban taɓa ganin ya shigo shagona da sallama kaɗai ba. Sai ya ce, "Ina siririn nan, iska ba ta tafi da kai ba?" Ni kuma in ce, "Alhaji, ka tsaya daga waje, sai na fitar da keke ɗaya ka samu wurin zama." Mutum ne da Allah ya yi wa faɗi. In zan auna cikinsa, sai in ba shi bakin tef ya riƙe in zagaya ta baya in dawo. Ga ciwon suga da ya kama shi tun da jimawa, yana shan ƙwayoyinsa safe da yamma, amma in ya ga ɗanwake sai ya ce likita ba ya nan.

Shekarar da nake ba ku labari ba ta yi wa teloli daɗi ba. Shadda ta yi tsadar da mutane suka daina ɗinka sabo, sai dai a kwaso tsofaffi a kawo gyara. Mu da muke yanka shadda galila, muka koma masu sa maɓalli da sake aljihu. Saboda haka da Alhaji Modu ya turo kaftani uku a rage, ban kawo komai a raina ba. Bayan wata guda ya sake turo su. Wata na uku ya zo da kansa, na ɗago kai na ga wuyan kaftani yana lilo a ƙirjinsa. Na sa tef na zagaya cikinsa ina tsaye wuri ɗaya, ko taku ban yi ba. A garin nan in mai jiki ya fara ramewa, abu uku ake zargi: ciwo, ko karayar arziki, ko an yi masa jifa. Tuni ma a majalisa an fara rabon ra'ayi.

Na ce, "Alhaji, lafiya kuwa?"

Ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya. "Kai tela ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ya buɗe wani ɗan filas da yake yawo da shi, wanda kowa ya ɗauka shayi ne. Ƙanƙara ce a ciki, da wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. Wai wani abokin cinikinsa mai zuwa ƙasashen waje ne ke kawo masa. Sau ɗaya a mako yake zuƙa da allura ya tsira wa kansa a fatar ciki. Ya ce, "Tun da na fara, ko tsire aka gifta da shi ta gabana kamar an wuce da itace. Loma uku na ƙoshi. Ka jira, kafin baɗi sai an ɗauke ni Bafulatani."

Na ce, "Jikin dai wataƙila. Hancin fa?"

Ban san ko mene ne a kwalbar ba sai da 'yarsa Yagana ta zo. Likita ce, a gabana ta girma, ni na ɗinka mata kayan makarantar firamare. Ta gaishe ni har ƙasa, ta zauna a kan bencin jira ta ce, "Baba, na ga kwalbar. Kada ka wahalar da kanka wajen rufa masa asiri." Ita ta yi min bayani yadda kan tela zai ɗauka. Ta ce in mutum ya ci abinci, jiki na da wasu sinadarai da yake aikawa kamar 'yan aike. Wani ya je ya gaya wa ƙwaƙwalwa ciki ya cika, wani ya sa a saki insulin don suga ya sauka, wani kuma ya sa hanta ta ƙona kitse. Alluran da aka riga aka amince da su, wata kan kwaikwayi ɗan aike ɗaya, wata biyu. Wannan kuwa ita kaɗai take kwaikwayon uku a lokaci guda, shi ya sa take zuge mutum haka.

Na ce, "To ai abin arziki ne."

Ta ce, "Masu bincike ma suna sa rai da ita. Amma Baba, har yanzu gwajinta ake yi, ba a ba da izinin sayar da ita ba. Waɗanda ake gwadawa a kansu, likitoci na biye da su, ana auna jininsu, ana duba zuciyarsu. Shi kuwa wa ke duba shi? Abin da ke cikin kwalbar ma ba wanda zai rantse maka shi ne. Ga shi yana haɗawa da ƙwayoyin suga. Sannan irin waɗannan alluran, yawanci in an daina, cin abinci na dawowa, jiki ma ya biyo baya. Na faɗa masa, ya ce shi ya biya kuɗin karatun da nake masa wa'azi da shi. Kai abokin wasansa ne, abin da ba zan iya faɗa ba kai za ka iya."

Na kuwa faɗa. Na faɗa da wasa, na faɗa ba da wasa ba. Ya ce hassada ce, Fulani ba sa son a shigo musu sahu.

Ana cikin haka sai ga aikin da ya hana ni sukuni. Ran nan da hantsi ya shigo da ƙunshi a hammata, ya kwance a kan teburin yanka. Kafin in ga abin da ke ciki, ƙamshin turaren wuta ya cika shagon. Rigar mahaifinsa ce, marigayi Malam Bukar, malamin Alƙur'ani da rabin dattawan Madabo suka yi karatu a zaurensa. Babbar riga ce ta saƙi, irin wadda aka haɗa da siraran ƙyallen saƙa da muke kira ƙwarya, kowace faɗinta bai wuce yatsu uku ba, an jera su an ɗinke da hannu. Al'adar gidansu ita ce duk ranar da wani ɗa ko jika ya sauke Alƙur'ani, babban gida ne zai sa rigar ya zauna a walima. Yanzu Alhaji Modu ne babba, jikarsa ta sauke, saura kwana goma walima.

Ya sa ta ya nuna min. Gaskiya abin dariya ne, kamar an yafa wa sanda bargo. Ya naɗe hannun a kafaɗa ya zame, ya sake naɗewa ya sake zamewa.

Ya ce, "Ka cire ƙwarya shida ta dama, shida ta hagu." Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "Tsaya. Na juya kaftanina, na ga abin da kake yi. Duk ka naɗe rarar a ciki kana jiran in koma gidan jiya. To ba zan koma ba. Wannan da almakashi za ka yanka, ka yayyanka min ƙanana kamar tafin hannu. 'Yan'uwa sun daɗe suna roƙon abin tabarruki daga kayan Malam, zan rarraba musu. In ba za ka iya ba, ga yara nan masu keken lantarki, cikin awa ɗaya za su gama."

Nan ya kama ni. In na ƙi, wani yaro zai sa mata almakashi yana kallon waya. In na yarda, na ci amanar Baba Ɗanladi, kuma rigar da ta yi shekaru fiye da nawa ta tafi ke nan, don ba mai saƙa irinta yanzu. Na shimfiɗa ta ina dubawa. A ƙwarya ta uku daga gefen dama akwai wani ɗan ƙuna, an cike shi da zare mai launin da bai yi daidai da na rigar ba, ɗinkin hannun da ba na tela ba. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Iya ce, mahaifiyarmu. Garwashin turare ne ya faɗa, ta ɗinke kafin Malam ya gani." Ya kawar da kai ya ce in yi sauri.

Na ce to. Kuma ban ɓoye muku ba, ƙarya na shirya yi.

Washegari na shiga Kasuwar Kurmi wajen masu tsofaffin riguna. Na yi rumfa wajen takwas kafin na samu wata yagaggiyar saƙi mai irin launin, wadda asu ya cinye mata gaba amma gefenta na nan. Na kawo ta shago. Rigar Malam kuwa ko kusa da almakashi ban kai ta ba. Sabuwar reza na ɓare, na zauna ina kwance ɗinkin zare ɗaya bayan ɗaya. Ku da kuke ganin sana'ar nan wasa ce, ku gwada kwance ɗinkin hannu na tsohuwar saƙa ba tare da kun tsinke zaren saƙar ba. Kwana huɗu na yi, idona har ruwa yake. Na cire ƙwarya goma sha biyu lafiya lau, na mayar da shafin bakin rigar, na kai wa masu bugu suka kwantar da ita. Ƙwaryoyin na naɗe cikin farin yadi na sa a ƙasan akwatin kekena. Ita kuwa ta Kurmi na yayyanka ta son raina, na roƙi maiɗakina ta turara min ita kwana biyu, na ƙulle a leda.

Ya zo ya sa riga, ta zauna masa daram. Ya buɗe leda ya ga ƙyallaye, ya jujjuya su ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe Bafulatani na jin magana." Aka yi walima, aka yi ta yaba riga. Ƙyallaye kuwa suka bazu cikin dangi, har Maiduguri aka kai wa wata goggonsa.

Ba a yi wata biyu ba, ran wata Talata bayan azahar, ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa a tsakiyar fatu. Da ma kwana da kwanaki yana amai yana ɓoyewa, ba ya cin kirki, ga ƙwayoyin suga bai fasa ba. Sugan ya sauka ƙasa warwas. Allah ya sa da mutane a kusa, aka garzaya da shi asibiti. Na je dubiya na tarar da shi an sa masa ƙarin ruwa, hannunsa da da yake kamar taɓarya ya koma fata da ƙashi. Tsoro ya kama ni sosai, na kasa ko tsokanarsa. Shi ne ma ya buɗe ido ya ce, "Ka zo auna likkafani ne? To ka bar rara." Likitocin suka karɓe filas, suka gyara masa magungunansa, suka ce kada ya ƙara kusantar abin da ba su suka ba shi ba. Yagana ba ta ce masa ai na faɗa ba, amma yadda take gyara masa matashi ma magana ce.

Daga nan ɗanwake ya dawo da martabarsa. Bai koma duk yadda yake da ba, don yanzu yana takawa da ƙafa daga Madabo har nan, kuma 'yarsa ta sa ido a kan kwanonsa. Amma jiki ya dawo da kaso mai tsoka. Kaftanai suka fara dawowa shagona ɗaya bayan ɗaya, a hannun direbansa, ba ya zuwa da kansa. Ni kuma in sa reza in saki rarar da aka zage ni a kanta, in mayar ba tare da na ce uffan ba. Wannan ma yana cikin sana'a: in ka yi gaskiya a kan mai kaya, ka haɗiye abinka.

Bayan kamar shekara guda, wani jikan ya sauke. Sai ga Alhaji Modu da ƙunshi a hammata. Ranar bai tambaya ko iska ta tafi da ni ba. Ya yi sallama kamar baƙo, ya zauna a benci, ya kwance ƙunshin. Ya ce, "Na gwada ta jiya. Ta tsaya min kamar 'yar shara, hannun ko gwiwar hannu bai rufe ba. Ƙanena da zai gaje ni ya fi ni jiki. Malam Haruna, rigar da ta ishi mahaifina, ta ishi yayana, ni na zo na lalata ta saboda 'yar kwalba. Ko za ka samo wani yadi mai kama ka ƙara? Na san ba zai yi daidai ba."

Na so in ja shi, in ce sai dai mu ƙara da buhun fata. Amma na ga fuskarsa, na fasa. Na durƙusa na jawo akwatin keke, na ɗauko farin yadin nan na ɗora masa a cinya.

Ya kwance. Ƙamshin turaren ya taso kamar jiya aka naɗe. Ya ɗaga ƙwarya ɗaya, doguwa, ba inda almakashi ya taɓa. Ya ɗaga ta biyu. Da ya zo ta uku sai ya tsaya, ya sa babban yatsa a kan ɗan ɗinkin nan mai zare daban.

Can ya ce, "Ranar da ka ba ni ledar nan, ɗaya bayan ɗaya na duba ina neman ɗinkin Iya. Na koma gida na sake zazzagewa. Na ɗauka ya bi shara. Ban iya tambayarka ba, tunda ni na ce ka yanka." Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Ni ma na juya ina neman abin da ban ajiye ba a kan tebur.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya zaro ido. "Tsaya. To waɗanda na rarraba wa dangi fa?"

Na ce, "Rigar wani bawan Allah ce daga Kurmi. Allah ya jiƙansa in ya mutu."

"Innalillahi! Goggo Falmata ta ɗinke nata a cikin matashi. Ta yi waya ta ce tun daga ranar ciwon kanta ya tafi!"

Na ce, "To ka ƙyale ta mana. Kai da ka tsira wa cikinka abin da ba ka san ko mene ne ba, ita da ƙyalle kawai ta ɗora kai a kai?"

Ya yi dariya har benci na girgiza, ga hawaye bai bushe ba. Ya ce, "Maƙaryaci. Bafulatanin banza. Kwana nawa za ka mayar?"

Na ce biyar. Shida na yi, don da hannu na mayar da su, kowace a gurbinta, ta uku a ta uku. Ran walima na zauna a bayan zaure ina kallonsa ya cika riga, rigar ta cika shi, ya naɗe hannun dama a kafaɗa yadda ɗinkin Iya zai fito sama.

Ana watsewa ya jawo ni gefe ya ce, "Yagana ta ce in allurar nan ta gama gwaji, aka ba da izini, likitana kuma ya yarda, wataƙila a sa ni a kai yadda ya kamata. In na sake ramewa fa?"

Na ce, "Sai ka kawo ta, rezata na nan."

Ya kama hannuna ya ce, "Almakashin fa?"

Na ce, "Alhaji, ko kai ka ce in yanka ba zan ji ba."

Ya ce, "Yauwa. Kada ka ji."